Kafin ka tara mutane a dandamalin katakon bayan gida, leƙa ƙarƙashinsa

Yawancin masu dandamalin katako a bayan gida saman kawai suke kallo, in an share an shafa fenti yana sheƙi shikenan hankali ya kwanta. Toh ai ba daga sama yake faɗuwa ba, ɓarnar a ƙasa take inda ba mai leƙawa, kuma ba ta tashi nuna kanta sai ranar da mutane suka cika shi. A 2003 a Chicago wata baranda ta katako ta rufta da mutane ana tsakiyar walima, mutum 13 suka rasu. Dan haka ko sau ɗaya a shekara ka ɗauki tocila da sukundireba ka durƙusa ka shiga ƙarƙashi, kayan aikin kenan.

Fara da katakon nan da aka kafa a jikin bangon gida wanda dandamalin ya rataya a kansa, wallahi nan ne inda aka fi samun matsala. In ka haska ka ga kawunan ƙusa ne kawai ba manyan notika ba, to ka tsaya, ƙusa tana zarewa a hankali in nauyi yana janta, noti mai ratsa katako ko babban sukuru shi ake so. Ka duba ko akwai rata tsakaninsa da bango, ko da ta shigar ɗan yatsa ce alama ce ya fara ballewa. Sannan ya kamata a ce akwai ɗan kwano da aka lanƙwasa a samansa yana kore ruwa, in babu shi ruwan sama bayan katakon yake shiga ya kwanta, shekara da shekaru yana cinsa kai baka sani ba.

Sai gwajin sukundireba. Ka riƙa caka bakinta a jikin katako, musamman gindin ginshiƙai da ƙarshen katakan da ke ɗauke da daɓen, wato katakan saman da ake takawa, da duk inda biyu suka haɗu danshi yana maƙalewa. Mai lafiya zai ƙi, in ka ɓantare shi ya tsage dogo. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ta nutse ba wahala yana marmashewa, ko ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, wannan ko ruɓa ko gara. Ginshiƙi bai kamata ya zauna cikin ƙasa kai tsaye ba, a kan kankare ake ɗora shi da ƙarfen da zai ɗan ɗaga shi. Ƙarafan da ke riƙe da katakan ma ka duba tsatsa, da ramukan da kafinta ya bari ba ƙusa dan sauri.

In ka fito ka kama makarin gefe, shingen nan da ke hana mutum faɗowa, ka jijjiga da ƙarfi kamar mai faɗa da shi. In ya motsa to gyara. A ƙa'idar ginin gidaje ta Amurka, dandamalin da ya wuce inci 30 daga ƙasa dole a sa masa makari, tsayinsa aƙalla inci 36, kusan santimita 91 kenan, kuma ratar sanduna kar ta kai inci 4 saboda kan yara. Ko a ƙasarku lissafin ya ɗan bambanta, wannan na inci 4 ɗin ka riƙe shi. Matakala ka taka ɗaya bayan ɗaya, ƙusar da ta ɗago ka cire ka sa sukuru, gansakuka kuma a wanke dan santsi.

Yanzu maganar canza daɓe ga wanda ya gaji da shafe-shafe. Katakon da aka ɗura wa maganin ruɓa da gara shi ne mai sauƙin samu, amma yana tsagewa yana murɗewa, duk bayan shekara 2 ko 3 sai ka sake shafa masa abin hana ruwa. Maganin nasa akwai tagulla a ciki, tana cin ƙusar gama-gari, dan haka sai mai rufin zinki mai kauri ko ƙarfen da baya tsatsa. Kuma kar ka ƙona guntayensa, hayaƙin guba ne, balle tsofaffi na kafin 2004 da yawansu maganin akwai sinadarin arsenik.

Katakon haɗi, irin na kamfanin Trex da ire-irensa, garin katako ne aka cakuɗa da roba. Ba fenti, ba sartse, sabulu da ruwa sun ishe shi, ni dai shi nake zaɓa wa yawancin mutane, in dai mai rufin roba a jiki ne dan shi ya fi jure tabo da koɗewa. Amma fa kar a yaudare ka, yana ɗaukar zafi a rana sosai musamman mai duhun launi, ba takalmi sai ka yi rawa, sannan yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, dole a bar masa ratar da kamfanin ya faɗa. Na roba zalla ya fi shi sauƙin nauyi kuma ruwa bai dame shi ba, gefen wurin iyo ya dace. Alminiyon baya ruɓa baya cin wuta, sai dai tsada da ƙara in ana tafiya. Katako mai tauri irin na itacen ipe yana daɗewa sosai, in ka yarda ya koma ruwan toka ma ba sai ka shafa mai ba, amma huda shi aiki ne.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a cire tsohon daɓe a shimfiɗa sabo mai tsada a kan ƙashin dandamalin, wato katakan ƙasa, da ya fara ruɓa. Katakon haɗi ya fi na gaske lanƙwasa, yawanci yana son tazarar katakan ƙasa kar ta wuce inci 16, in a karkace za a jera shi inci 12. Dan haka ranar da aka ɓanɓare tsohon, kar ka bari a ɗora ko ɗaya sai ka bi ƙashin da sukundirebarka, ka auna tazarar, a manna tef ɗin hana ruwa a saman kowanne, in dandamalin mai tsayi ne kuma ka kira injiniya ya duba wannan katakon na jikin bango.