Idan Tsohuwar Rediyo Ta Ƙi Kamawa

Jama'a, duk wanda tsohuwar rediyonsa mai manyan lasifikoki ta ƙi kamawa, kada ya yi gaggawar ɗaukarta zuwa Sabon Gari. A cire ta daga soket, a duba ko ɓera ya gwaigwaye wayar, sannan a zaro fis ɗin gilashi a ɗaga shi ga haske. Idan zaren cikinsa ya tsinke, a sa mai lamba iri ɗaya, ba guntun waya ba. A karanta bayanta kuma, domin ta Amurka wutar 120 take ɗauka, tamu kuwa 230 ce. Idan sabon fis ya sake ƙonewa, sai mai gyara, saboda kafasitocinta suna riƙe wuta ko bayan an kashe ta.