Yadda na hana kwanan wata canzawa a PowerPoint

Na haɗa shafukan bayani don taron iyaye da malamai, na sa kwanan wata a ƙasan kowane shafi. Bayan mako guda shugaban makarantarmu ya buɗe fayil ɗin, sai ga kwanan ranar da ya buɗe, ba na taron ba. Har ya zaci rahoto na sake.

Ashe ni na jawo. A Insert, cikin Header & Footer, ƙarƙashin Date and time, na bar shi a Update automatically, shi kuwa agogon kwamfuta yake bi. Na mayar da shi Fixed, na rubuta kwanan da hannuna, na danna Apply to All. Apply kaɗai shafi ɗaya yake gyarawa, nan ma sai da na ɓata lokaci.

Ranar taron kuma shafukan sun yi ta wucewa ina tsakiyar magana, iyaye na ta kallona. Gwajin da na yi da Rehearse Timings, wato wurin gwada tsawon lokacin magana, shi ne ya adana daƙiƙoƙin da na yi a kowane shafi, shi ya sa suke wucewa da kansu. A Slide Show na cire alamar Use Timings, yanzu sai na danna shafi yake juyawa.