Wandon da za ku sa idan za ku daɗe a cikin kayak

'Yan uwa, ga wata shawara ga masu shirin tuƙa kayak, wato ɗan siririn kwalekwale, na awa biyu ko uku. Kada ku sa gajeren wando na auduga. Na taɓa yi a tafkin Jabi da ke Abuja, ruwan da ke gangarowa daga filafili ya jiƙa shi tun farko, ya ƙi bushewa, kafin in sauka cinyata ta sale. Kwana uku ina tafiya kamar agwagwa.

Ku nemi na nailan ko foliyesta mai ɗan roba a jiki, ya fi saurin bushewa. Amma ɗinki ya fi yadi muhimmanci. A zaune za ku daɗe, don haka aljihun baya, maɓalli, zif ko ɗinki mai kauri duk za su riƙa cin ku. Ku juya wandon ku shafa ɗinkin da yatsa, in ya yi tudu ku bar shi. Ƙugunsa ya hau sama ta baya, na zariya ya fi na bel.

Tsayinsa ya kai gwiwa, saboda rana da kuma gogar jikin jirgin. In za ku sa wani a ciki, shi ma ban da auduga.

Kafin ku biya kuɗi, ku gwada shi a zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, ku juya dama da hagu. Ni har Vaseline nake shafawa a matsematsi kafin in shiga ruwa.