Yadda za ka daina rubuta "more better" a jarrabawar Turanci

Ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Gombe, kuma ba abin da ke ci min rai in ina duba takardun 'yan aji shida kamar in ga yaro mai ƙoƙari ya rubuta "Bauchi State is more larger than Gombe State". Maganarsa gaskiya ce, jihar Bauchi ta fi tamu faɗi, daga jikinta ma aka cire mu a 1996. Amma maki ya tafi, alhali gyaran ba shi da wuya.

Ka fara da gane inda matsalar take. A Hausa kalma ɗaya ce ke mana aikin: Audu ya fi Musa tsawo, Audu ya fi kowa tsawo. "Tsawo" ba ta canja kama. Turanci kuwa sifar kanta yake taɓawa, ta hanya biyu, kuma ba a haɗa su a kan kalma ɗaya. Ko dai ka liƙa -er da -est a ƙarshe, ko ka sa more da most a gaba.

Kafin ka zaɓa, furta kalmar a fili ka ƙirga gaɓoɓinta. Ni tafi nake sa ɗalibaina su yi, kowace gaɓa tafi ɗaya. In gaɓa ɗaya ce, kamar tall ko long, to -er ne idan abu biyu kake kwatantawa, -est idan uku ne ko fiye: "The Benue is longer than the Gongola", amma "The Niger is the longest river in West Africa". Lura da than a jimlar farko da the a ta biyu, su ne 'yan rakiya, kada ka bar su a baya. In gaɓa uku ce ko sama da haka, kamar expensive, kada ka taɓa jikinta: "Rice is more expensive than maize", "the most expensive".

Masu gaɓa biyu ne ke son natsuwa. Wadda ta ƙare da y, mai da y ɗin i: easy, easier, easiest; heavy, heavier, heaviest. Masu ƙarewa da -ful ko -ous more suke ɗauka, kamar more careful da more famous. Kaɗan irin su clever da simple sukan karɓi kowanne.

Rubutun ma akwai tarko. Idan gajeriyar kalma ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya a bayansa, ninka baƙin: big, bigger, hot, hotter. Don haka "April is hotter than January", da t biyu. Wadda ta riga ta ƙare da e, r kawai za ka ƙara: large, larger.

Sai waɗanda ba ruwansu da doka, haddace su za ka yi: good, better, best, bad, worse, worst, little, less, least, much ko many, more, most. Better da kanta tana nufin "ya fi kyau", shi ya sa more ba ta da wurin zama a gabanta. In kana son ƙarfafawa, ce much better.

Akwai wasu wurare biyu da masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB suke yawan kama yara. Na farko, in mutum biyu ne kawai, ba a amfani da -est ko da an sa the: "Hassana is the taller of the twins". Na biyu, senior, junior, superior da inferior ba sa tafiya da than, to suke ɗauka: "He is senior to me". Wannan na ji manya masu digiri ma suna kuskurensa a ofis, don haka ka riƙe shi da kyau.

In abu biyu sun yi daidai, wato inda za mu ce "ya kai", sai ka sa as gaba da baya, sifar kuma ka bar ta yadda take: "Musa is as tall as Audu".

Yau da yamma ka ɗauki littafinka ka rubuta jimla goma a kan abubuwan gidanku: wa ya fi wa tsawo, wane ɗaki ya fi zafi, hanyar Kumo da ta Bajoga wacce ta fi nisa daga gidanku. Karanta su da ƙarfi, sannan ka kai wa malaminka ya duba gobe.