Komawa zane bayan ritaya: haɗa launinka da hannunka

Wanda ya taɓa zana kuka da rumbu a ƙasa da tsinke yana yaro, ko ya yi wa allonsa zayyana, hannunsa bai manta ba, nauyi kawai ya yi. In ka ajiye aiki ka dawo ƙauye, ba sai ka jira an kawo maka fenti daga Kano ba. Shanun da aka zana a jikin duwatsun Birnin Kudu ba da fentin kanti aka yi su ba, kuma har yau ana ganinsu.

Fara da ƙaro, don shi ke riƙe launi a takarda. Nemi ƙaron dakwara mai haske, ka daka, ka zuba cokali 1 na garin cikin cokali 2 na ruwan ɗumi. Bar shi ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka ƙara rabin cokalin zuma. Zumar ce ke hana launi tsattsagewa, musamman da hunturu. Kada ka haɗa da yawa, domin ruwan ƙaro yana yin tsami da fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Sai jar ƙasa, kuma nan ne aikin yake. Jiƙa gwangwani 1 a ƙaramin bokiti, ka dama sosai, ka dakata kamar minti 1 yashi ya kwanta. Tsiyaye ruwan da ke sama a wani mazubi ya kwana. Da safe ka zubar da ruwan da ya washe, ka shanya laushin da ya rage a ƙasan mazubin. Wanda ya tsallake wannan zai ga launinsa yana kaushi, yana cinye gashin burushi. Farar ƙasa ma haka ake mata. Baƙi kuwa daga gawayi mai laushi ko kunkunniya, shuɗi daga bular wanki. Gangamau yana ba da rawaya mai kyau, amma rana na kashe shi da wuri.

A farantin tangaran, murje cokali 1 na garin launi da cokali 1 na ruwan ƙaro da bayan cokali, har sai ka daina jin tsakuwa. Shafa kaɗan a takarda, ya bushe, ka goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana ɓarewa, ya yi yawa, ƙara gari. Zuba a murafan kwalba su bushe. Duk ranar da za ka yi aiki, ɗigon ruwa ya isa ya tashe su.

Takardar littafin makaranta ba ta ɗaukar ruwa, lanƙwashewa take yi. Samu mai kauri ko farin kwali, ka manne gefe huɗu a jikin katako da salatif. Burushi biyu sun isa, babba da siriri. Shafa launi mai haske tukuna, ka bari ya bushe kafin ka ɗora mai duhu, in ba haka ba duk su caɓe su koma ruwan kwata.

Masu ƙyamar zana mai rai suna da abin yi da yawa: dagi, zankayen soro, katangar gida, gonar gero bayan girbi. Zauna a inuwa da hantsi, lokacin da ido ke gani sosai, ka ɗauki rumbu ɗaya. Fara da inuwarsa a ƙasa kafin jinkarsa, ka yi minti 30 ka tashi, gobe ka sake zana shi daga wani gefen.