Yadda Ake Dawo da Sautin Laftof Idan Ya Ɗauke Bayan An Zare Iyafis

Kafin ka saɓi laftof ɗinka ka nufi shagon gyara, ko ka bari abokin ɗaki ya ce maka sai an yi fomatin, ka sani cewa a mafi yawan lokuta sifikar lafiyarta ƙalau. Kwamfutar ce ba ta san ka zare iyafis ba. A ganinta har yanzu yana maƙale, shi ya sa take ta tura sauti cikin ramin da babu komai, kai kuma kana zaune shiru kake ji. Duk aikin da za mu yi a nan na gano abu guda ne: ina sautin yake tafiya, kuma me ya hana shi komowa sifika.

Wannan matsala ta yi yawa a tsakanin ɗalibanmu na nan Madina, kuma dalilin a fili yake. Ɗaki ɗaya mutum uku ko huɗu, wani yana barci bayan Asuba, wani yana muraja'a, wato bitar karatu, kai kana sauraron darasin malam, dole ka sa iyafis. Kullum sa, kullum zare, ga jaka cike da ƙura. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ganin ɗalibi ya goge Windows gaba ɗaya, ya rasa manhajar littattafai ta Maktaba Shamila da ya tsara da babin kundin bincikensa da bai kwafe ba, ya gama ya kunna, sauti kuma bai dawo ba, don tun asali ba a can ciwon yake ba. Kada ka yi fomatin. Ba na cewa ka jinkirta shi, cewa nake ka cire shi daga lissafi.

Fara da mayar da iyafis ɗin

Ka sake cusa shi, ka kunna karatu ko wani bidiyo, ka saurara. Wannan gwajin na daƙiƙa biyar shi ke raba hanya biyu. In ka ji sauti a kunnenka, to ɓangaren da ke sarrafa sauti a cikin kwamfutar yana aiki, matsalar tana wajen juyawa daga iyafis zuwa sifika. In har a iyafis ɗin ma tsit ne, tsallaka zuwa maganar direba a ƙasa, wato 'yar manhajar da Windows ke amfani da ita wajen sarrafa na'urar sauti.

Yanzu, sautin yana tafiya kada ka tsayar da shi, ka zare a hankali. Ka maimaita sau uku ko huɗu. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa, musamman waɗanda suka rufe murfin laftof da iyafis a jiki, suka zare shi tana barci. Tana barci ba ta ji fitarsa ba, ta farka da tsohon labari. Ni dai ƙa'idata: a zare kafin a rufe murfi.

Bai yi ba? Ka sake kunna ta, amma ka danna Restart, ba Shut down ba. Wannan wuri ne da kusan kowa ke faɗuwa. Tun daga Windows 8 akwai tsarin da ake kira Fast Startup, wanda idan ka danna Shut down yake adana halin da direbobi suke ciki don ta tashi da sauri, sai ta tashi da kuskuren da ta kwanta da shi. Restart ne ke tada komai sabo. Sai ka ji mutum yana rantsuwa ya kashe ya kunna sau goma, alhali ko sau ɗaya bai yi abin da ake nufi ba.

Duba inda sautin ke zuwa

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. Na fi son wannan hanyar a kan yawo cikin Settings don dalili biyu: iri ɗaya ce a Windows 10 da 11, kuma ba ruwanta da harshe. Da yawa daga cikinmu laftof ɗin hannu muka saya a nan, Windows ɗinta na Larabci ne, komai ya juye daga dama zuwa hagu, wanda bai saba ba sai ya ɓace. Ka tabbata dai madannanka suna kan haruffan boko kafin ka rubuta, Alt da Shift ke juyawa.

Taga za ta buɗe a shafin Playback, shi ne na farko, a Windows na Larabci yana can ƙarshen dama. Za ka ga jerin na'urori, ɗaya tana da koren maki. Wadda ke da makin ita ke karɓar sauti. Ka bar bidiyon yana tafiya ka kalli gefen kowace na'ura, akwai 'yan layuka kore masu hawa da sauka. Inda suke rawa, can sautinka yake.

In Speakers na nan amma makin yana kan wata, danna Speakers ɗin da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Set as Default Device. In ba ka ga Speakers ba sam, danna dama a farin fili ka sa alama a Show Disabled Devices, za ta fito a dusashe, sai ka danna Enable. Ka lura da ɓarayin sauti guda biyu. Na farko iyafis na Bluetooth da ke cikin jaka ko aljihun jallabiya, murfin akwatinsa bai rufu sosai ba, ya haɗu da kansa. Kashe Bluetooth ɗin gaba ɗaya yayin gwaji. Na biyu wayar HDMI: in ka jona allo ko majigi, Windows kan mayar da sauti can, ko da allon ba shi da sifika.

Sannan ƙarar kanta. Windows yana riƙe wa kowace na'ura tata ƙarar daban, saboda haka iyafis na iya zama a 60 sifika kuma a sifili ko a kulle. Ka ɗaga bayan ka zare, ba kafin ba. In kuwa komai na magana sai manhaja guda, kamar Zoom ko Teams, to ita ce ta riƙe iyafis a cikin saitinta, shiga ka canza mata. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Ramin iyafis, inda aikin yake

In ka zare amma tagar nan tana nuna Headphones a raye da korayen layukanta, kuma Restart bai canza komai ba, to ka zo wurin da na fi so ka natsu.

A cikin ramin nan na milimita 3.5 akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa. Idan bakin iyafis ya shiga sai ya ture shi, idan ya fita sai ya koma mazauninsa, kamar maɓallin nan na ƙofar firji da ke kashe fitila in an rufe. Da motsin wannan ƙarfen kwamfuta ke sanin an sa ko an zare. Ƙura ta taru ta cakuɗe da zaren aljihu, ko ƙarfen ya gaji, sai ya ƙi komowa. Daga nan duk direban duniya ba zai gyara ba, domin abin da ƙarfen ya faɗa shi Windows ke gaskatawa.

Akwai tarko a nan. A wasu laftof sunan na'urar ɗaya ne tak, Speakers/Headphones a haɗe, ko ka sa ko ka zare ba ya canzawa, sai mutum ya ɗauka ramin lafiya yake. In taka haka take, buɗe manhajar saitin sauti ta Realtek Audio Console in laftof ɗin tana da ita, ka duba hoton ramin: ya kamata ya haskaka in an sa, ya dusashe in an zare. Ya zauna a haske babu komai a ciki? Ka kama mai laifi.

Kafin ka taɓa ramin, ɗauki iyafis ɗin ka kalli bakinsa da kyau. Mai makirufo yana da siraran zobe uku, marar makirufo biyu, sannan kai mai ɗan tsini a ƙarshe. Na ga wanda kansa ya karye ya zauna a ciki, mai shi yana ta sauke direbobi kwana da kwanaki. Iyafis masu arha da ake zubawa a faranti a bakin shaguna sun fi yin haka. In kan ya karye a ciki, tsaya nan, kai wa mai gyara. Dabarar nan ta ɗiga gam a tsinke a manno shi da ake nunawa a bidiyo, ɗigo ɗaya ya zame ka kashe ramin har abada.

In bakin cikakke ne, kashe laftof ɗin, cire caja, haska ramin da tocilan waya. Sau da yawa za ka hango wani dunƙulen toka-toka a can ƙasa. Samu tsinken sakace na itace, ka naɗa masa auduga 'yar mitsitsiya, siririya yadda za ta shiga ba tare da turawa ba. Ka ɗan jiƙa ta da sinadarin isopropyl, wanda ke jikin 'yan ƙyallayen goge wurin allura da ake sayarwa a kowace saidaliyya, wato kantin magani, ya isa, kwalinsu 'yan riyaloli ne. Jiƙawa kaɗan, ba ɗiga ba. Ka shigar, ka juya a hankali, ka fito da shi ka duba abin da ya kwaso, ka canza auduga ka sake. Bar shi minti goma ya bushe, sannan ka sa iyafis ka zare sau da yawa don ƙarfen ya motsa, ka kunna.

Ba allura, ba fil, ba ƙarfen cire layin waya. Ƙarfe yana lanƙwasa abin da kake son miƙewa. Kada ka hura da baki, danshi kake zubawa. Turare ma ba ya wannan aiki, ko da akwai sinadarin alkohol a cikinsa, domin man da ke ciki zai zauna ya ƙara kama ƙura. Asuwaki kuma zarensa ke tsinkewa a ciki. Duk waɗannan na gani da idona an gwada, shi ya sa nake lissafa su. In kana da 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara, ita ce ta fi, ka fara da ita kafin tsinke.

Wasu za su ce maka ka shiga Realtek ka kashe gane rami gaba ɗaya. Wannan zaɓin galibi na kwamfutar tebur ne, yawancin laftof na yanzu ba su da shi, kada ka ɓata dare kana nema.

Direba

In ramin ya fita daga zargi, Windows da R, rubuta services.msc, nemo Windows Audio, danna dama, Restart. Bai yi ba, sai devmgmt.msc, ka buɗe Sound, video and game controllers, danna dama a kan Realtek, Uninstall device, ka yi Restart, Windows zai mayar da shi da kansa. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Properties ka gwada Roll Back Driver tukuna. In sai an sauke sabo, daga shafin kamfanin laftof ɗin kawai, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Manhajojin nan masu alƙawarin sabunta maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ban yarda da ko ɗaya ba. Masu Dell su lura da tsarin sauti na Waves MaxxAudio, shi ke fito da tambayar me ka jona, in an cire shi ko an hana shi tashi juyawar kan rikice.

In duk wannan bai yi ba

Gwada sifikar a wajen Windows. A Dell danna F12 yayin tashi ka zaɓi Diagnostics, a HP danna Esc sannan F2 ka nemi gwajin sauti. Masu tsohuwar MacBook Pro ta 2015 zuwa baya su leƙa ramin, in jan haske na fitowa to shi ma maƙalewa ya yi, gyaransa irin na sama ne.

In sabuwa ka saya, nemo fatura, wato rasidin saye, kafin kowa ya kwance maka ƙusa ko ɗaya, kayan lantarki a Saudiyya garantinsu shekara 2 ne, buɗewa a wani shago na iya zubar maka da shi. In ta hannu ce, ka ce wa mai gyara kai tsaye ramin iyafis ne ya maƙale, ka nuna masa gwajin da ka yi, ka kuma tambaye shi ko ramin yana kan ƙaramin allon lantarki na daban ne ko a manne da babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard. Na farko canji ne mai sauƙi, na biyu sai da dalma, kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka kwafe fayilolinka kafin ka miƙa.

In kuma jarrabawa ta matso ba ka da lokacin shago, sayi ƙaramar sifika ta USB ko ta Bluetooth. Ba ta bi ta ramin nan ko kaɗan, Windows na ganinta a matsayin na'ura ta daban, sai ka koma mmsys.cpl ka ɗora mata koren maki.