Darasi na 7: Wutar rana a ƙasar duwatsu

Wanda ya taɓa zuwa ƙauyukan da ke cikin duwatsun Kutus, a arewacin Gure, ya san yadda hanya take. Mota na tafiya kamar hawainiya, wani wurin sai jaki ko ƙafa. Ko nan cikin Damagaram, unguwar Birni tsakanin manyan duwatsu take zaune, mai haƙa ramin falwaya ya san abin da ake nufi da dutse. Jan waya zuwa ƙauye mai gida talatin a bayan tsauni kuɗi ne masu yawa, shi ya sa irin waɗannan garuruwa suka daɗe suna jira. Rana kuwa ba ta neman hanya, kowace safiya tana bisa rufin kowa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Tun 1965 aka kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya shugabanta shekaru masu yawa. Sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi. A 2013 gwamnati ta kafa hukumar ANPER don kai wuta karkara. A 2017 ta cire kuɗin duwan a kan jerin kayan sola da ake shigowa da su, domin farashinsu ya sauko talaka ya iya saye. An buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, sai ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. A cikin tsaunukan Abzin, garuruwa irin su Timiya da Iferwan, waɗanda a da injin gazuwal kaɗai ke ba su wuta, an haɗa musu da sola ƙarƙashin shirin faɗaɗa wutar sola mai suna NESAP. Mu ma nan mun ɗanɗana a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya. Masu ɗan pano, wato faifan sola, a rufi su ne suka riƙa yi wa maƙwabta cajin salula.

To, gwamnati ta sauƙaƙa saye. Amma ba gwamnati ce za ta hau rufinku ta share ƙura ba, ƴan uwa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin na ga gidaje da yawa da suka sayar da akuya suka sayi kaya, kafin shekara ta zagayo batir ya mutu, suka ce sola ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce, riƙo ne ba a iya ba.

Kayan sola na gida guda huɗu ne: pano mai shan rana, batir mai ajiye wuta, ƙwan fitila, da ɗan akwatin da ke tsakanin pano da batir, wanda masu gyara ke kira regilata. Shi ne mai gadi. Yana hana batir cika fiye da kima, yana hana shi ƙarewa ƙarƙaf. Duk mai sayarwar da ya ce muku ba sai da shi ba, ku bar masa kayansa.

Wurin kafa pano shi ne rabin aiki, musamman a ƙasar duwatsu. Ku tsaya ku fuskanci gabas, hannunku na dama shi ne kudu. Can pano zai kalla, a ɗan kishingiɗe, ba kwance sosai ba, don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Kafin a buga ƙusa, ku ba da yini guda kuna kallon wurin: da hantsi, da azahar, da la'asar. Inuwar dutse tana tafiya. Wurin da ke cikin rana da safe yana iya shiga inuwar tsauni tun ƙarfe uku, kuma inuwa ko a gefe guda ta faɗa tana rage wutar pano sosai. Kada a shimfiɗa shi kai tsaye bisa falalen dutse ko kwano, domin zafi na rage masa ƙarfi. A bar tazarar tafin hannu ta ƙasa iska ta riƙa wucewa, a kuma ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damina.

Sai ƙura. Lokacin hunturu ku shafa yatsa bisa gilashin, za ku ga layi ya fito fes a tsakiyar jan gari. Wannan garin yana tare rana. Da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi, a jiƙa tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta a goge a hankali. Ban da sabulu mai ƙarfi, ban da soson ƙarfe, kuma ba a zuba ruwan sanyi a kan pano da tsakar rana.

Batir kuwa a ɗora shi bisa katako a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara. Batir mai ruwa ba ya son a shanye fiye da rabinsa a dare ɗaya.

Yanzu mu yi lissafi tare. Ƙarfin kowane kaya ana auna shi da wat, yana rubuce a jikinsa. Ƙwan fitila 3, kowane wat 5, sun zama 15. A kunna su awa 4, 15 sau 4 ya ba da 60. Cajin salula biyu kamar 20. Rediyo mai wat 5 na awa 4, shi ma 20. Jimilla 100, wutar da gidan ke ci ke nan a yini. Pano mai wat 50, in yana da tsabta kuma rana ta fito sosai, yana iya tara kusan 200 a yini, ke nan ya ishi wannan gida har da saura. Dutsen guga na lantarki kuwa yana cin wat wajen 1000, ba abokin tafiyar ƙaramin pano ba ne.

Aikin gida: ku ƙirga fitilun da kuke bukata, ku rubuta wat ɗin kowace da awowin da za ta yi a kunne, ku haɗa jimilla. Sannan ku kwafi waɗannan kalmomi sau uku a littafinku: rana, kudu, inuwa, ƙura, batir. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da lissafin gidansa mu duba tare.